Ƙa'idar Farfesa

Zuwa ga Abban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da 'yan biyu da Inna. Ya ƙafar Inna, ta sassauta? Ya makaranta da ɗalibanka marasa jin magana? Ya kuma ɗawainiyar da na jibga maka na taho? Ni lafiyata ƙalau, sai kewa, ita kuwa ba a sayar da maganinta a kanti.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali jiya muka yi waya. To ai ba da kai na yi wayar ba, da 'yan biyu na yi. Kafin in ce maka uffan wannan ya fizge, wancan ya ɓare baki, hancin ɗaya da silin ɗaki na yi ta kallo har wayar ta mutu. Akwai maganar da ba ta faɗuwa a haka.

Kullum in Inna ta tambaye ka me nake karantawa, sai ka ce koya wa kwamfuta jin magana nake yi. Ba ka yi ƙarya ba, amma bari yau in warware maka, don ka gane abin da ke damuna. Yawancin harsunan da ake ba wa kwamfuta umarni da su, sai ka bi ta daki-daki: buɗe nan, ɗauko wancan, ajiye a can. Namu ba haka yake ba. Kai dai ka faɗi abin da kake so, ita ta nemo yadda za ta yi. Kamar ka shiga mota ka ce wa direba ya kai ka asibiti, ba sai ka yi ta ce masa yi dama yi hagu ba. In bayanan sun kai na miliyoyin mutane, sai ta rarraba aikin ga na'urori masu yawa, ta sake jera shi yadda zai fi sauri. Farfesa, malamin da ke duba aikina, shi ya ƙirƙiro harshen tun ina firamare. Akwai wata ƙa'ida tasa da ta tabbatar cewa duk yadda na'ura ta sake jera aikin, amsa ba za ta canza ba. A kan wannan ƙa'idar na gina babi na uku na kundina, wanda shi ne zuciyar digirin gaba ɗaya.

Tun bara ofishin lafiya na nan suke amfani da manhajarmu. Ita ke zaƙulo musu masu ciwon sukari da suka daɗe ba a duba musu ido ba, a kira su, domin ciwon yana cin ido a ɓoye. Ka tuna yadda na yi ta cika maka baki da wannan.

Ranar Litinin wata likitar ido daga ofishin ta hawo ɗakin bincikenmu. Ka san ɗakin a hoto, mai dogon tebur da na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga cikin bokiti. Mace ce mai sanyin murya, ko zama ba ta yi ba. Ta ce wani dattijo mai gyaran agogo ya zo mata da ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan yana hanya. Ya daɗe a rajistarsu, amma ba a taɓa kiran sa ba. Ta ce ba zargi ta zo yi ba, tambaya ce kawai: ko zai yiwu manhajar ta tsallake mutum?

Abokin karatuna da muke kira Dogo ya yi caraf ya ce ai sai dai ma'aikatansu sun shigar da bayanan ba daidai ba. Ni ma bakina ya faɗi makamancin haka, amma ban gamsu ba. Na yi mata alkawarin zan duba.

Ban gaya wa Farfesa ba tukuna. Kwanan nan sai a hankali. Shekaranjiya da sunan wata ɗaliba da ta gama tun tuni ya yi ta kira na, har muka yi dariya, ya ce duk fuskar wahala iri ɗaya gare mu. Tsufa ne dai da yawan aiki.

Ka sa ni a addu'a. Ka shafa min kan 'yan biyu, ka gaishe da Inna da kyau.

Taka,
Maman 'yan biyu

*

Zuwa ga Abban 'yan biyu,

Sallama da gaisuwa. Da fatan wannan ta same ku lafiya. Na ji ka ce zazzaɓin ƙaramin ya sauka, alhamdu lillahi. Don Allah ka daina barin su wasa da ruwa da yamma, na san halinka, kai ke biye musu.

Na duba, Abban 'yan biyu. Likitar ce da gaskiya.

Ga yadda abin yake. A bayanan kowane majinyaci akwai gurbin da ake rubuta ranar da aka duba masa ido ta ƙarshe. Wanda ba a taɓa dubawa ba, gurbin nan babu komai a ciki. In bayanan kaɗan ne, a kan na'ura ɗaya, manhajar tana fito da shi daidai, shi ya sa duk gwajin da muka yi ba mu ga komai ba. Amma in suka yi yawa har ta rarraba aikin ta sake jera shi bisa ƙa'idar Farfesa, sai masu gurbin nan su zube a hanya, babu ƙara babu alama. Ka gane? Waɗanda ba a taɓa dubawa ba, waɗanda suka fi kowa buƙata, su ne ba a kira. Ba mai gyaran agogo kaɗai ba ne. Da na ga yawansu sai da na tashi na fita baranda na riƙe ƙarfe.

Na koma na bi hujjar ƙa'idar layi-layi, na ga inda ta zame. A wuri ɗaya Farfesa ya ɗauka cewa kowane gurbi yana da abu a ciki, bai faɗa ba, kuma babu wanda ya lura tsawon shekarun nan.

Ranar Laraba da safe na shiga ofishinsa. Yana ba wa shukarsa ta bakin taga ruwa. Ban kai ƙarshen bayani ba ya ajiye kofin ya nufi allo. Da ka gan shi! Cikin ɗan lokaci ya fito da ɓarakar fiye da yadda na fito da ita, har ya nuna min wata hanya ta biyu da abin zai iya faruwa. Ya juyo idonsa jawur ya ce, "'Yata, mutane muka cuta. Gobe mu rubuta wa ofishin, ni zan sa hannu." Na fito ina hawaye, amma zuciyata wasai. Na ce wannan shi ne malami.

Washegari na tsara takardar na kai masa. An goge allon. Ya karanta, ya sake karantawa, ya tambaye ni wa ya sa ni. Na tuna masa maganarmu ta jiya. Ya ce rabonsa da ni tun makon da ya wuce. Ya ce ya san akwai masu son ganin bayansa a sashen, amma bai taɓa zaton da ni za a haɗa baki ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba, ranar har sakatariya sai da ta leƙo. Abin da ya fi tsorata ni, ba ƙarya yake yi ba. Na kalli idonsa, wallahi bai tuna ba.

Da yamma matarsa ta kira ni ta ce in zo gida. Ka tuna ta, wadda ta aiko wa 'yan biyu rigunan sanyi. Mama muke ce mata duka. Ta zaunar da ni a kicin ta rufo ƙofa. Nan na ga an liƙa 'yan takardu a jikin kowane kabad, an rubuta abin da ke ciki. Ta ce ciwon mantuwa ne, likita ya tabbatar tun bara. Wata rana garau, wata rana ko hanyar gida sai an nuna masa. Ita ke tuƙo shi, ita ke amsa saƙonninsa da sunansa. Saura 'yan watanni ya yi ritaya, a yi masa taron bankwana ya sauka da mutuncinsa. Ta kama hannuna biyu ta ce in rufa musu asiri kamar yadda zan so a rufa wa mahaifina. Ta ce in na kai maganar ofishin lafiya, za a kira shi ya yi bayani a gaban mutane, kuma na ga abin da zai faru.

Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Shayin da ta zuba min har ya huce ban taɓa ba.

Akwai kuma nawa. In ƙa'idar ta rushe, babi na uku ya bi ta. Kare kundin da muka sa rai a ƙarshen zangon nan babu shi. Gaba kura, baya siyaki. Ka faɗa min abin da ka gani, kar ka ɓoye min.

Gaisuwa ga Inna. Ka ce wa 'yan biyu Mamansu na nan tafe.

Matarka,
Maman 'yan biyu

*

Abban 'yan biyu,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, kuma gajiyar jarrabawar ɗalibai ta sake ka.

Na karanta amsarka, ban ji haushi ba. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Gaskiya ne na bar su suna rarrafe, ga shi za su shiga makaranta. Gaskiya ne ƙafar Inna ba ta ɗaukar ɗawainiyar yara biyu. Inda ka ce babban ya kira ƙanwarka Mama a gaban baƙi, nan na ajiye takardar na daɗe ban ɗauka ba. Ka ce in gyara manhajar shiru, in kare kundina, in dawo, sauran a bar wa Allah. Dogo ma haka ya ce, shi da yake neman aiki da takardar shaidar Farfesa. Ya ce kowace manhaja a duniya tana da kuskure, ba mu muka sa wa mutane ciwon sukari ba.

Na bi rabin shawararku. Na toshe ɓarakar, daga yanzu ba za ta sake zubar da kowa ba. Sai dai gyaran na gaba ne. Waɗanda aka tsallake tun bara suna nan a gidajensu, kuma ofishin ba zai sake tace sunaye ba sai shekara ta zagayo, in ba an gaya musu ba. Ido kuwa ba ya jiran kowa ya yi ritaya.

Jiya na je asibitin idon. Na ce wa kaina likitar zan gaisar, amma da na isa sai na kasa shiga, na zauna a benci cikin masu jira. Can aka fito da wani dattijo, 'yarsa na riƙe da gwiwar hannunsa. A wuyansa akwai ɗan gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, rataye da zare. Ban tambayi kowa ba, na san shi ne. Yana tafe yana yi wa 'yar tasa faɗa wai ta daina jan sa kamar akuya, yana gani. Sai ya yi karo da bakin bencin da nake kai, ya juyo ya ba ni haƙuri. Ni ya ba wa haƙuri.

Makonni ke nan da na san abin nan ina zaune a kansa. Ba zan iya ƙarawa ba. Ba izininka na raina ba, Allah ya sani, amma ba zan iya dawo muku da wannan a ƙirjina in zauna ina ba wa yara abinci ba. Gobe zan fara zuwa wurin Mama in gaya mata da bakina, daga nan in wuce wurin likitar.

Ka yafe min. Ka gaishe da kowa.

Maman 'yan biyu

*

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da yara da Inna. Ba ka amsa waccan ba, in na kira kuma sai ka miƙa wa yara wayar. Na gane. Duk da haka zan ba ka labari, don ba ni da wanda zan ba wa in ba kai ba.

Na je wurin Mama kamar yadda na ce. A tsakar gida na same ta tana shanya. Ta saurare ni har na gama ba ta daina matse kayan ba. Na ce mata zan ɗauki abin a kaina, in ce ni ce mai kula da manhajar, kada a taɓa shi. Ta yi wani murmushi ta ce yarinya ce ni, sunansa ne a kan ƙa'idar. Daga nan ta ce in je in yi abin da na ga dama, amma kada in ƙara ce mata Mama. Har na kai bakin ƙofa ina jiran ta kira ni, ba ta kira ba.

Likitar kuwa ko tsawa ba ta yi min ba, da ma ta yi. Ta tambaye ni yaushe na gano, na faɗa mata gaskiya. Ta dube ni ta ɗauke kai, ta ɗaga waya. A ranar aka sake tace sunayen, washegari aka fara kiran mutane.

Abin da Mama ta ji tsoro shi ya faru. Ofishin ya rubuto wa jami'a, shugaban sashenmu ya kira zama. Na roƙe shi a keɓe ya bar ni in yi bayani ni kaɗai. Ya ce a kan me za a hana mai ƙa'ida kare ƙa'idarsa? Na rasa amsar da ba za ta tona abin da aka roƙe ni in rufe ba, na tashi na fito. Har yau ina tunanin da na faɗa masa a ofis, mutum ɗaya, da ya fi sauƙi.

A ɗakin taro na ƙasa aka yi, mai tebur kamar ƙwai. Malaman sashe, mutum biyu daga ofishin lafiya, ni da Dogo a can ƙarshe. Farfesa ya shigo tsaf da shi cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya gaisa da kowa da fara'a. Na yi bayanina. Da na zauna ya miƙe ya ce zai nuna cewa ƙa'idar ba ta da aibu. Ya fara rubutu a allo da kyakkyawan hannun nan nasa. Ya yi layi na farko, ya yi na biyu, sai ya tsaya. Ya goge ya sake. Ya sake tsayawa a wuri ɗaya.  Can ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi murmushi irin na mai neman alfarma, ya tambaya wane ɗalibi ne yake kare kundinsa yau.

Abban 'yan biyu, na ga manyan malamai sun sunkuyar da kai. Shugaban sashe ya tashi ya karɓi alƙalamin daga hannunsa a hankali, ya ce an gama, Farfesa, mun gode. Ashe Mama na zaune a mota a waje. Ni na buɗe musu ƙofar ɗakin da shugaban sashe zai fita da shi, Farfesa ya ce min sannu da aiki.

An ba shi hutun rashin lafiya daga ranar. Taron bankwana an ce sai wani lokaci, kowa ya san ma'anar haka. Dogo ya kwashe kayansa ya koma ɗaya ƙarshen teburin, in mun haɗu a matakala sai ya duba wayarsa. Wasu a sashen suna cewa na kyauta, wasu suna cewa na ci amanar wanda ya ɗauko ni. Sakatariya, wadda kullum take ajiye min biskit, yanzu da "Malama" take kira na.

Ni kuma an ba ni sabuwar mai duba aiki, wata Dakta matashiya da ba ta san wasa ba. Ta karanta kundin ta ce babi na uku sai an rushe shi, a sake kafa ƙa'idar yadda za ta ɗauki gurbin da babu komai, a tabbatar da ita daga tushe. Ta ce aiki ne mai kyau, zai fi na da ƙarfi. Na tambaye ta tsawon lokaci. Ta ce in sa shekara a raina.

Na rubuta kalmar na zauna ina kallon ta. Na san abin da na ɗora maka, kuma ban tambaye ka ba kafin in ɗora. In ka ce in tattara in dawo haka nan babu digirin, faɗa min a fili, zan yi tunani da gaske. Shirun ne ba na iyawa.

Ka gaishe min da Inna, ka ce na gode, na gode.

Matarka ko kana fushi,
Maman 'yan biyu

*

Zuwa ga Abban 'yan biyu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kowa lafiya. Hoton yara cikin kayan makaranta ya iso. Wa ya saya wa ƙaramin wando har ƙirji? Na san aikinka ne, wai don ya daɗe yana sawa.

Wasiƙarka gajeriya ce, amma ta ishe ni. Ka ce har yanzu ranka a ɓace yake, kuma ba ka yarda cewa babu wata hanya ba sai wadda na bi. Ka ce duk da haka kada in kuskura in dawo hannu rabbana bayan duk wannan wahalar, in ba so nake Inna ta kore mu ni da kai ba. Na karɓa. Ba zan matsa maka ka ce na yi daidai ba, ni kaina ba kullum nake jin haka ba. Na yi magana da Dakta, ta yarda in zo in yi wata guda a gida bayan zangon nan, in riƙa aiko mata da aiki daga nan. Ka nemo wadda za ta riƙa taimaka wa Inna, kada mu jira sai na zo.

Likitar ta aiko min da saƙo. Yawancin waɗanda aka kira sun zo, da dama an tari abin da wuri. Wasu kuma an makara. Dattijon nan an ceto masa abin da ya saura a ido ɗayan, yana gane fuska, amma ya bar sana'a. Ban tambaye ta ko makonnin da na yi shiru sun sa an makara da wani ba. Ba ta faɗa ba, ni kuma tsoron amsar nake yi.

Ranar Asabar Mama ta kira ni. Ban yi zato ba. Muryarta a bushe, ta ce yana ta fitar da takardu yana neman wanda zai yi maganar aiki da shi, ita kuma ba ta gane komai a ciki, in ina da lokaci in zo. Na je da hantsi.

Ya rame. Yana zaune a falo kusa da taga, an rufa masa bargo a gwiwa. Ya karɓe ni da mutunci irin wanda ake yi wa baƙo, ya tambaye ni daga wace jami'a nake. Na faɗa masa. Ya ce ya san wurin, yana da abokai a can. Ya tambayi abin da nake bincike a kai. Sai kawai na ɗauki takarda na rubuta masa ƙa'idar, ban ce ta wane ne ba, na ce ita nake ƙoƙarin gyarawa.

Ya sa tabarau ya bi ta da yatsa a hankali. Mama na tsaye a bakin ƙofar kicin da faranti a hannu. Ya daɗe. Can yatsan ya tsaya daidai wurin, ya ƙwanƙwasa takardar. Ya ce, "Nan ne. In gurbin babu komai fa? Wanda ya rubuta wannan yana da kai, amma ya yi gaggawa." Ya cire tabarau ya dube ni da damuwa sosai, ya tambaya ko akwai masu amfani da ita. Na ce akwai. Ya ce to kada in tsaya jin kunyar mai ita, ko wane ne, in je in faɗa tun kafin wani ya cutu.

Na ce masa an faɗa. Ya ce madalla, ya gyara bargonsa, ya tambaye ni daga wace jami'a nake.

Mama ta koma kicin, na ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba. Da zan tafi ta rako ni har bakin ƙofa, abin da ba ta yi ba wancan karon. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ta ce dai ranar Asabar ya fi samun natsuwa da safe, in zan zo in zo da wuri.

Zan riƙa zuwa har in taho. Ka ce wa 'yan biyu su fara share min wuri a gado, kuma kada wanda ya gaya musu yawan kwanakin da zan yi, ni zan faɗa musu da kaina. Ka gaishe da Inna da ƙanwarka, Allah ya saka musu. Kai kuma ka ci abinci, na ga wuyanka a hoton.

Taka har kullum,
Maman 'yan biyu